TARIHIN HAUWA IBRAHIM, ƳAR TALLAR DA TA ZAMA LAUYA

Iyayenmu da ƴan uwanmu na Hamdara, na gida da waɗanda neman abinci ya kai su Zinder, Yamai, Agadas, Kano, Ikko ko Libiya. A shafin tarihi na wannan fitowa mun kawo muku labarin wata mace daga ƙetaren iyaka, mai suna Hauwa Ibrahim. Ƴar ƙauye ce kamar ƴaƴanmu, kuma matan da ta tsaya wa a gaban alƙalai matan ƙauye ne kamar namu. Muna roƙon wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a zaure da kuma cikin gida, don maganar ta shafi kowa.

ASALINTA

An haifi Hauwa Ibrahim a shekarar 1968 a ƙauyen Hinna, cikin ƙasar Gombe ta Nijeriya. Gidan Musulmi ne, gidan talakawa. Ta tashi kamar yadda ƴan matanmu suke tashi: ɗebo ruwa, neman icce, da faranti a ka ana yawon talla. Kowa ya san amfanin kuɗin talla a wurinmu. Da shi uwa take tara kwanoni da tasoshi, don ranar da za a kai yarinya ɗakinta kada a ji kunya.

Ita ma hanyar da aka shata mata ke nan. Ta sha faɗa da bakinta cewa an so a yi mata aure tun tana ƙarama, ta kafe a kan karatu, har ta kai makarantar kwana ta ƴan mata. Daga nan ta samu shiga Jami'ar Jos, ta karanta ilimin doka, ta wuce makarantar horon lauyoyi. Da ta gama, sai ta kama aiki a ma'aikatar shari'a ta jihar Bauchi, tana gabatar da ƙara da sunan gwamnati. Ta yi shekaru tana wannan aiki, sannan ta koma Abuja ta buɗe ofishinta na kanta.

Wannan aiki na gabatar da ƙara ya yi mata amfani daga baya. Wanda ya daɗe yana ɗaure kaya shi ya fi kowa sanin inda ƙulli yake kwancewa.

WAƊANDA SUKA RIGA TA

Wasu jaridun Turai sukan rubuta cewa ita ce mace ta farko da ta zama lauya a Arewacin Nijeriya. To, gaskiyar magana akwai wadda ta riga ta da nisa, ita ce Aloma Maryam Mukhtar, wadda ta gama karatun lauya a Ingila a 1966, tun ba a haifi Hauwa ba. Ta zama alƙaliyar babbar kotun Kano a 1977, kuma daga 2012 zuwa 2014 ita ce shugabar alƙalan Nijeriya baki ɗaya, mace ta farko a wannan kujera. Kafin su duka akwai Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, ƴar jam'iyyar NEPU, wadda ta sha ɗauri saboda neman a bai wa matan Arewa damar jefa ƙuri'a. Ta rasu a 2001.

Abin da Hauwa ta zama ta farko-farko a kansa wani abu ne dabam. Tana cikin matan da suka fara shiga kotunan shari'ar Musulunci suna kare waɗanda aka yanke wa haddi, kuma mafi yawan aikin kyauta ta yi shi.

SHARI'A A ƘETAREN IYAKA

Waɗanda suke ci-rani a Nijeriya a lokacin za su tuna. Ranar 27 ga Oktoba 1999 gwamnan Zamfara, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya tara jama'a a Gusau ya ƙaddamar da shari'a, dokar ta fara aiki a Janairun 2000. Kafin a jima jihohi 12 na Arewa sun bi sahu, har da maƙwabtanmu Katsina, Jigawa, Yobe da Kano. Talakawa sun yi murna ƙwarai, domin sun gaji da cin hanci da jan ƙafar kotunan boko, suna sa ran za a daidaita mai kuɗi da matalauci a gaban alƙali.

Amma an yi gaggawa. An rubuta dokokin cikin ƴan watanni, an miƙa su ga alƙalan ƙananan kotuna waɗanda da can aure da gado da rikicin gona suka saba yankewa. Da aka fara hukunci, sai aka ga waɗanda abin ke faɗawa kansu su ne ɓarawon saniya da bazawarar ƙauye. Ba su da karatu, ba su da lauya, da yawansu ma ba su san ana ɗaukaka ƙara ba.

Cikin na farko-farko da sunansu ya zaga duniya akwai Safiya Husaini ta Tungar Tudu, a jihar Sakkwato. Kotun Gwadabawa ta yanke mata jifa a Oktoban 2001. Lauyoyi suka ɗaukaka ƙara, Abdulƙadir Imam Ibrahim yana gaba, Hauwa tana cikin masu taimakawa. Ranar 25 ga Maris 2002 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta sallame ta. Cikin dalilan da ta bayar har da cewa abin da ake tuhumarta da shi ya faru tun dokar ba ta fara aiki ba.

SHARI'AR AMINA LAWAL

A cikin wannan watan na Maris da aka sallami Safiya, wata kotu a Bakori, jihar Katsina, ta yanke wa wata bazawara irin wannan hukunci. Sunanta Amina Lawal, mutuniyar ƙauyen Kurami. Ta haihu bayan aurenta ya mutu, aka kai maganar ga ƴan sanda, su kuma suka kai ta gaban alƙali. Ta ambaci wani mutum ta ce shi ne uban jaririyar. Mutumin ya musa, ya rantse da Alƙur'ani, babu shaidu huɗu a kansa, aka sallame shi ya tafi gida. Ita kuwa ga jaririya a bayanta, ga amsawar da ta yi da bakinta, ba kowa a gefenta da zai gaya mata nauyin kalmar da ta amsa. Aka ce za a jefe ta idan ta yaye.

A nan ya kamata mu tsaya mu yi bayani, ko da yake malamanmu sun fi mu sani. Mu da mutanen Katsina mazhabarmu ɗaya, ta Imamu Malik. Littattafan da almajiri yake karantawa a zaurukan Damagaram, Risala da Muhtasar na Halil da Tuhfa, su ne a gaban alƙalan can. A mazhabar Malik, bayyanar ciki ga macen da ba ta da miji hujja ce a kanta, abin da sauran manyan mazhabobi ba su tafi a kai ba. To, amma malaman da suka faɗi wannan su ne kuma suka ce ciki yana iya kwantawa ya daɗe, har shekara huɗu ko biyar, a jingina ɗan ga tsohon mijin. Wannan shi ne kwantacce da tsofaffinmu mata suka sani tun kaka da kakanni. Kuma ƙa'ida ce sananniya wurin malamai cewa shubuha tana tunkuɗe haddi. Wato magabata sun rufe ƙofa, sun kuma bar taga don rahama. Alƙalin Bakori ƙofar kaɗai ya duba.

Ƙungiyoyin mata guda biyu, WRAPA da BAOBAB, suka ɗauki nauyin ɗaukaka ƙara. Aka haɗa lauyoyi, Aliyu Musa Yawuri shi ne jagora a gaban kotu, Hauwa tana cikinsu. Ta ba da labarin cewa a farkon shigarta waɗannan kotuna ba a barinta ta yi magana saboda ita mace ce, sai dai ta rubuta a takarda ta miƙa wa abokin aikinta namiji ya faɗa. Ba ta yi fushi ta fita ba. Ta zauna ta yi ta miƙa takardunta.

Karon farko ba a yi nasara ba. Ranar 19 ga Agusta 2002 babbar kotun shari'a ta Funtuwa ta tabbatar da hukuncin Bakori, ta ƙi karɓar janyewar da Amina ta yi daga amsawarta. Daga nan duniya ta ɗauka. Gidajen rediyo da talabijin na Turai da Amurka suka yi ta yayatawa, takardun ƙorafi suka yi ta kwarara, wasu cike da kurakurai, wasu har da zagin addini. Wannan ya ƙara harzuƙa mutane a gida. Har ta kai a watan Mayun 2003 Ayesha Imam ta ƙungiyar BAOBAB ta sa hannu a wata budaɗɗiyar takarda tana roƙon masu aiko da ƙorafin su dakata, domin abin yana iya jawo wa Amina da lauyoyinta lahani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

GABAN MALAMAI

A cikin wannan zafi ne wani abu ya faru wanda Hauwa ta sha ba da labarinsa a wurare da yawa. An yi hira da ita a rediyo da Hausa, aka tambaye ta ko jifa yana cikin Alƙur'ani, ta ce ba ta gan shi a ciki ba. Malamai kuwa sun san hukuncin daga hadisi ya tabbata, sai wasu suka ɗauki maganar a matsayin ƙaryata shari'a, aka yi ta sukarta a wa'azi. Duk wanda ya san Arewa a waɗannan shekaru ya san irin wannan suka tana iya kai mutum kabari.

Aka ba ta shawara ta ɓuya. Ita kuwa sai ta nemi izinin ganin malaman. Ta lulluɓe jikinta, ta same su a masallaci, aka nuna mata wurin zama ta ƙi, ta durƙusa a ƙasa kamar yadda ɗiya take yi gaban iyayenta. Ta shaida musu ita ƴarsu ce, iliminta bai kai nasu ba, ta zo ne su nuna mata abin da littattafai suka tanada don ceton ran wannan baiwar Allah. Yadda ta faɗa, sun rabu a kan ba za su fito su goyi bayanta ba, ba kuma za su ƙara sukarta ba. A wannan lokaci hakan ma babbar riba ce.

Wani zai ce wannan ai ƙasƙantar da kai ne ga mai digiri. Mu dai a ganinmu durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle durƙusa wa malami. Ta san cewa ko kotu ta sallami Amina, Kurami za ta koma da zama, cikin mutanen da suke sallah bayan waɗannan malamai. Sallamar da jama'a ba su yarda da ita ba, rabin sallama ce.

RANAR KATSINA

Ranar 25 ga Satumba 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a ta zauna a Katsina, alƙalai biyar, ƙarƙashin Alƙalin Alƙalai Aminu Ibrahim. Huɗu suka rushe hukuncin, ɗaya ya saɓa musu. Ga manyan dalilan da suka bayar.

Na ɗaya, alƙalin Bakori shi kaɗai ya zauna, alhali dokar jihar ta ce sai da mutum biyu tare da shi. Na biyu, tuhumar ba ta fayyace wuri da lokaci ba, ba a kuma tabbatar Amina ta fahimci abin da ake tuhumarta da shi ba. Na uku, sau ɗaya ta amsa, su kuwa suka kafa hujja da ƙissar Ma'izu, wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ta kawar masa da kai har sau huɗu. Na huɗu, wanda ya amsa laifin haddi yana da damar janyewa, kotun Funtuwa ta yi kuskure da ta hana ta. Na biyar, ba ta kai shekara biyar da rabuwa da mijinta ba, saboda haka cikin ba ya zama hujja a kanta.

Ku duba da kyau, ƴan uwa. A cikin dalilan nan biyar babu ko ɗaya da aka aro daga Faransa ko Amurka. Dukansu suna cikin dokar Katsina da littattafan da ke kan buzun malamanmu. Tun ranar farko suna nan. Abin da Amina ta rasa a Bakori shi ne mutum ɗaya da ya san su, wanda zai tsaya kusa da ita ya faɗe su. Rashin wannan mutum ɗaya ya sa ta yi shekara ɗaya da rabi tana goyon ɗiyarta tana lissafin ranar yaye. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ba ma cewa Hauwa ita kaɗai ta yi aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: akwai lauyoyi maza, akwai ƙungiyoyin mata da suka biya kuɗin mota da na takardu, akwai malaman da suka buɗe littattafai, akwai alƙalai huɗu da suka ji tsoron Allah. A cikin matan da aka yanke wa jifa a waɗannan shekaru babu wadda aka jefe.

BAYAN HAKA

A 2005 Majalisar Tarayyar Turai ta ba ta lambar girma ta Sakharov, wadda aka fara bayarwa a 1988, Nelson Mandela yana cikin waɗanda suka fara karɓa. Ta ƙaro karatu a Amurka, ta kuma koyar a Jami'ar Harvard. A 2013 ta fitar da littafi da Turanci a kan dabarun neman adalci a kotunan shari'a, don amfanin lauyoyi masu tasowa. A 2014, da ƴan Boko Haram suka sace ƴan mata 276 daga makarantar Chibok, tana cikin kwamitin binciken da gwamnatin Nijeriya ta kafa. Daga baya ta mai da hankali ga haɗa kan iyaye mata don su janye ƴaƴansu daga hannun masu ɗaukar makami.

ABIN DA YA SHAFE MU

Wani dattijo zai ce, wannan ai labarin Nijeriya ne, mu a Nijar ba a yanke jifa. Gaskiya ne. Amma aure da saki da gado da gona, a ƙasarmu bisa al'ada da addini ake yanke su, a fara daga mai gari, a je wurin sarki don sulhu, in ya gagara a kai gaban alƙalin gwamnati, wanda yake zama da masana al'ada a gefensa, takardunsa kuwa da Faransanci. Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: mace nawa ce a garuruwanmu mijinta ya rasu a ci-rani aka raba gona ba a ba ta tumuninta ba? Nawa ne aka saka ba takarda, ba abincin yara? Nawa ne suka dangwala yatsa a kan abin da ba su san me aka rubuta ba? Akwai kotun ɗaukaka ƙara a nan Zinder, ba nisa da mu, amma wanda bai san ƙofa ba ko yana bakinta ba zai shiga ba.

Ƙasarmu ma tana da nata misalan. Hadijatu Mani, wadda aka sayar tana ƴar shekara 12 a kan jika 240 a yankin Ƙonni, ta samu ƙungiyar Timidria da lauyoyi suka tsaya mata, har kotun CEDEAO ta zauna a Yamai ranar 27 ga Oktoba 2008 ta umarci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa. Sannan ga Fatimata Bazeye Salifu, wadda take shugabar kotun tsarin mulki lokacin tazarce. A watan Yunin 2009 kotunta ta soke dokar kiran ƙuri'ar raba gardama ta shugaba Tanja Mamadu, shi kuma ya rushe kotun. Bayan juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 aka sake kiranta ta shugabanci majalisar tsarin mulki ta riƙon ƙwarya. Ita ma wata rana yarinya ce da aka bari ta zauna a aji.

Binciken da gwamnati ta yi a 2012 ya nuna cewa a cikin ƴan matan Nijar 100, 76 ana yi musu aure kafin su kai shekara 18. A Disamban 2017 aka sa hannu a kan dokar kare yarinya mai karatu. Amma doka a Yamai take, yarinya kuwa a gidanmu take, kuma mu ne muke yanke shawara ranar da aka kawo goro.

Iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma, ba mu zo da hana aure ba, aure sunna ne. Mun san kuma abin da kuke tsoro: yarinya ta tafi birni karatu ba mai sa mata ido, ta dawo da abin kunya, ko ta dawo tana raina na gaba da ita. Tsoro ne mai dalili, maganinsa kuma yana hannunmu. Mu da muke zaune a Mirya da Zinder da Yamai, gidajenmu su zama masauƙin ƴan matan garinmu da suka ci jarrabawa, matanmu su zama iyayensu. Masu aiko da kuɗi daga Kano da Libiya, in an ware na taki da na rufin ɗaki, a ware na littafi da na sabulun ɗaliba. A haɗa mata allo da lakwal, ta san Risala ta san Faransanci, domin mun ga a Katsina wanda ya riƙe biyun shi ya yi ceto. Wanda kuma yake neman aurenta, a sa masa sharaɗin barinta ta ƙarasa, a gaban shaidu.

Mutanen Hinna da suka ga yarinya da faranti a ka ba su san za ta tsaya gaban alƙalan Katsina ba. Mu ma ba mu san wace ce a cikin masu tallar gyaɗa a kasuwarmu Allah ya ajiye wa irin wannan rabo ba. Abin da ke kanmu shi ne kada mu zama mu ne muka tare mata hanya.

Allah ya shiryi zuriyarmu maza da mata, ya ba mu damina mai albarka, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Amin. Wassalam.